Ranar da bashin Kawu ya ɓata

Ina fada ana jiran shayi na biyu sai ga kiran Kawu daga shagonsa na kasuwar Wadata. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba: "Kai yaro, abin naka ya daina nuna masu bashi." Wata 'yar manhaja ce na rubuta masa da Python, wani yaren kwamfuta, tana riƙe lissafin buhunan shinkafa da sunayen waɗanda suka ɗauka ba su biya ba. Jiya-jiya na saka masa sabuwa. Na ce, "Ku yi haƙuri Kawu, kafin isha'i in sha Allah."

Na buɗe VS Code, inda nake rubuta manhajar, babu bashi.py, fayil ɗin masu bashi, babu dalilinsa. Ashe mako uku da suka wuce, da nake share fayilolin gwaji, na haɗa da shi, har na ajiye aikin a Git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen aiki. Kwandon shara kuwa tuni na juye shi.

Hankalina bai tashi sosai ba, don Git ba ya mantuwa da abin da aka taɓa ba shi ajiya. A tagar umarni na rubuta git log --diff-filter=D --summary, ya jero mini duk ajiyar da aka goge wani abu a cikinta. Ga fayil ɗina nan. Na kwafi haruffa bakwai na farkon lambar ajiyar da aka goge shi a cikinta, na ba git restore --source, umarnin dawo da fayil da ya shigo tun Git 2.23 a 2019. Ya ce bai san wannan fayil ba.

Kusan rabin awa ina maimaitawa kamar mai buga ƙofar kango. Shayina ya huce. Can na gane wautata: a ajiyar da na nuna masa, fayil ɗin ya riga ya mutu, wadda ta gabace ta ce ke da shi da rai. Alamar ^ kawai ake ƙarawa a bayan lambar. Sai kuma madannanmu na AZERTY suka kawo nasu, don wannan alamar ba ta fitowa sai ka bi ta da tazara. Wanda ya gaji ya rubuta ~1, duk ɗaya ne.

Fayil ya dawo, amma ba gyaran ƙarshe da na yi wa lissafin ragowar kuɗi, don ban taɓa ajiye shi a Git ba. Nan VS Code ya fisshe ni: tun 2022 yana ɓoye kwafin fayil duk lokacin da ka adana. Ctrl+Shift+P, na nemi Local History: Find Entry to Restore, ga shi har da ranarsa.

Bayan magariba na hau kabu-kabu zuwa Wadata. Kawu ya gyara tabarau, ya bi jerin da yatsa, ya tsaya a layi na huɗu. Sunana ne, jika 12, tun azumi.