Zaman "sai godiya" da ya ci mini famfo guda

Ranar wata Talata cikin Maris famfon wata rijiyar burtsatse da muka yi a Zariya ya ƙone, wata biyar bayan mun miƙa aiki. Ina Sabon Gari ina cinikin bututu aka kira ni, wai tanki ya bushe tun jiya, unguwa ta koma hannun 'yan garuwa. Kuɗin sabon famfo daga aljihuna ya fita, wannan na haɗiye. Abin da har yau ya tsaya mini a wuya shi ne, akwai wanda ya san haka za ta faru, yana zaune a gabana ranar da na tara ma'aikata na ce kowa ya faɗi abin da ya gani, bai ce uffan ba. Kuma da na zauna na yi lissafi, ni ne na ɗinke masa baki.

Rijiyar burtsatse ce mai sola, mutanen wata unguwa a bayan Ƙofar Gayan suka yi karo-karo suka ba ni. Mu tara ne, ban da masu injin haƙa. Gini da walda duk sun tafi lafiya, ƙarfen da ke ɗauke da tankin lita 5,000, wato tan 5 na ruwa, yana nan ko gezau. Amma duk wanda ya taɓa haƙa a Zariya ya san ƙasarmu: dutse ne a ƙasa, ɗan'uwan na Kufena, ruwan kuma a tsagar dutsen yake da ruɓaɓɓen samansa. Mun haƙa a Oktoba, damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, ruwa yana sama. Kafin bazara ya ja baya. Famfon cikin rijiya kuwa ruwan da yake ja shi ke sanyaya shi, in ya yi ta juyi a bushe, ƙonewa zai yi. Shi ya sa ake sa masa sensa, ta kashe shi da zarar ruwa ya yi ƙasa.

Da muka gama, na ce ni ma bari in yi abin da nake ji manyan kamfanoni na yi, a zauna a yi bitar aiki. Sai son burgewa ya shigo. Na kai zaman zauren mai unguwa bayan la'asar, na gayyato shugaban ƙungiya da liman, na sayo lemo. Cikon kuɗin ma'aikata kuma yana cikin ambulan a aljihun gaban rigata, kowa na hangen bakinsa, don na ce sai an tashi zan raba. Na gyara murya na ce, "To jama'a, akwai mai ƙorafi?"

Dattijon magininmu ya ce, "Injiniya, ai sai godiya. Allah Ya sa albarka." Shi ke nan, ya share hanya, kowa ya bi. Mai walda ya gode, mai wayarin ya gode, leburori suka ce amin. Liman ya shafa fatiha. Ko minti 20 ba mu yi ba. Na buɗe littafina na rubuta "Babu matsala", har da ja masa layi biyu. Shafin yana nan, ban yage ba.

Yaron mai wayarin yana can bakin ƙofa wajen takalma, a tsugune, yana lanƙwasa guntuwar waya yana miƙewa. Sau ɗaya ya ɗago ya dubi maigidansa, ya mai da kai ƙasa. Na gan shi sarai. Na ɗauka yunwa ce.

Ranar da muka zaro famfon, na buɗe akwatin kwantirola, sai ga wayar sensa an cire ta, an haɗe bakin biyu an naɗe da baƙin tef. Ban yi magana a wurin ba. Da yamma na ɗauki yaron a mashin kamar zan rage masa hanya zuwa Kwangila, muka tsaya wurin mai shayi. Sai da ya kusa shanye kofi ya ce, "Oga, tun ranar gwaji take ta kashe famfon. Maigidana ya ce ta lalace, ya haɗe wayar." Na ce me ya hana ka faɗa a zaure? Ya dube ni kamar na tambaye shi ko wuta na da zafi. "Haba Oga, a gaban maigidana? Ga mai unguwa, ga Malam. Kuma ba a sallame mu ba tukuna."

Sensar nan lafiyarta ƙalau. Gaya mana take yi famfon ya fi ƙarfin rijiyar, yana zuƙe ruwa kafin ya taru, tun a Oktoba ma, balle Maris. Da a ce na ji wannan magana tun a makon gwajin, rage gudun famfon kawai za a yi, ko a ƙara saukar da shi, aikin yini guda. Mai wayarin na da nasa laifin, amma ba zan jibga masa duka ba. Washegarin gwajin ne bikin buɗewa, an raba goron gayyata, ni ne kuma nake tsaye a kansa ina cewa gobe ruwa ya fito ko ta halin ƙaƙa. Gwajin da ya kamata ya ɗauki sa'o'i, sa'a ɗaya na ba shi.

Yanzu in mun gama aiki, sai na sallami kowa tas, an kwana biyu, sannan in nemi jin ta bakinsu. Mutumin da haƙƙinsa ke aljihunka ba zai gaya maka ka yi kuskure ba, ni ma da ni ne ba zan faɗa ba. Ba na kuma bari ya wuce mako, don an fara mantuwa. Zaure kuwa na bar wa addu'a da godiya, suna da wurinsu. Ɗaya bayan ɗaya nake binsu, a kan mashin ko bencin mai shayi, kuma daga ƙarami nake farawa, don shi ke riƙe tsani yana kallon abin da manya ke yi. Kalmar ƙorafi ma na daina, tana sa mutum ya ji kamar ƙarar wani zai kai. Sai in fara da nawa: "Ni dai na matsa muku a ranar kaza, me hakan ya sa aka tsallake?" In shugaba ya fara tona kansa, bakin yara yakan buɗe. Abin da na ji kuma ba na ɗora masa suna. Har gobe mai wayarin na zaton tef ɗin ne kaɗai ya tona shi.

Da muka koma sa sabon famfo, na roƙi ƙanwata ta shiga gidaje ta ji ta bakin mata, tun da a zauren nan ko mace ɗaya babu. Ta fito da abin da ban taɓa tunani ba: mun jera kawunan famfo daidai inda majalisar maza ke zama, 'yan mata na jin nauyin zuwa da yamma, sai a turo ƙananan yara da bokitin da ya fi ƙarfinsu. Wata biyar ana haka. Muka ja bututu zuwa bayan katanga, muka ƙara kai biyu. Shi ma daga aljihuna.