Taron rana ɗaya ba ya hana yaro shan ƙwaya

A makarantu da dama a Jos, yaƙi da shaye-shaye ba ya wuce ranar 26 ga Yuni, ranar yaƙi da shan miyagun ƙwayoyi ta duniya. A tara ɗalibai a fili, a gayyato jami'i ya baje wiwi da kwalaben kodin a kan tebur, wani tsohon mashayi ya ba da labarinsa, a tafa, a watse. Niyyar mai kyau ce, amma an daɗe da gwada irin wannan. A Amurka an fara shirin D.A.R.E. a 1983, 'yan sanda na shiga aji suna gargaɗi, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna bai rage shaye-shayen ɗalibai yadda aka zata ba.

Yaro ɗan shekara 13 ba ya lissafin ciwon hanta da zai zo bayan shekara 20. Abin da ke gabansa shi ne kada abokai su ce masa matsoraci. Idan kuma ka lissafo sunayen ƙwayoyi tare da yadda kowace ke sa mutum ji, ka ba shi jerin abin da zai gwada. Shi kuwa tsohon mashayin da ya tsaya garau cikin shadda, abin da yara ke ɗauka a wurinsa shi ne: ana sha, a daina, a zauna lafiya.

Abin da ya fi tasiri shi ne darasi a jere, daga bakin malamin da yaran suka sani. Shirin Unplugged, wanda aka fara gwadawa a Turai kafin hukumar UNODC (ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka) da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya su daidaita shi ga makarantun Najeriya, darussa 12 ne, kusan awa ɗaya kowanne, ga yara masu shekara 12 zuwa 14. Ɗaya a mako, sai ya cika zango guda. Kada a dunƙule su a kwana uku don jarrabawa ta matso. Tazarar makon ita ke ba yaro damar gwada abin da ya koya a unguwa ya dawo da tambaya.

Darasin da ya fi cancanta a ba shi lokaci shi ne na gyara zato. Raba wa kowa guntuwar takarda, ba a rubuta suna, ka tambaya: cikin manya goma a ƙasar nan, nawa ne ke shan ƙwaya? Tara amsoshin a allo. Yawanci za su zarce gaskiya nesa, musamman a unguwar da ake ganin masu maye kullum a bakin titi. Sai ka kawo ƙididdigar 2018 ta UNODC da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa: kashi 14.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 ne suka sha a shekarar da ta gabaci binciken, mutum miliyan 14.3. Adadin babba ne, kuma shi ake yawan kaɗa wa yara. Juya shi: cikin mutum bakwai, shida ba su taɓa ba a shekarar. Yaron da ya ɗauka "kowa na yi" yana ganin ƙin sha fita ne daga jama'a. Da ya gane masu ƙi su ne mafi yawa, ƙafarsa ta samu wurin tsayawa.

Sai gwajin ƙin karɓa. Kasa ajin gida-gida, biyar ko shida. Ɗaya ya zama mai tayi, ɗaya mai ƙi, sauran su saurara. Tayin ya zama irin na gaske: abokin da ya miƙo lemon kwalba buɗaɗɗe a wurin biki, yayan unguwa da ke aiken yaro sayen barasar goskolo, ko ubangidan aiki da ke cewa tiramol na kashe gajiya. Mai tayin ya nace sau uku, domin ƙin farko kowa na iyawa. Amsar ta zama gajera: "A'a, bar shi," "Baba na jira na," sannan a bar wurin. Minti 15 ya isa, a sauya matsayi. Ajin da ya kai ɗalibai 80 sai an raba shi biyu, in ba haka ba wasan ya koma hayaniya, malam ya gaji ya koma karanto bayani daga littafi. A nan shirin ke yawan mutuwa, shi ya sa horar da malami na kwana biyu zuwa uku ya fi buga fosta muhimmanci.

A firamare ba a ambaton sunan ƙwaya. A koya musu kada su sha maganin da ba iyaye ko ma'aikacin lafiya ya ba su ba, da yadda za su faɗi damuwarsu, da wanda za su gaya wa. Sholisho ma ba a kwatanta yadda ake shaƙarsa, ko a wane aji.

Dole wata rana yaro ya tsaya bayan darasi ya ce yana sha, ko ana sha a gidansu. Tun kafin darasin farko makaranta ta tsayar da malamin ba da shawara da zai karɓe shi, da lokacin da za a kira iyaye, da inda za a tura shi, kamar sashen masu taɓin hankali na asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH). Bulala a gaban taro ko kora nan take tana rufe bakin sauran ajin, shi kuma yaron ta mayar da shi wuni guda hannun waɗanda suka fara ba shi.