Daren da na sa aka zare filogi

Aikina haɗa wa mutane na'urorin gida masu sarrafa kansu ne: fitilun da ke kunna kansu in an shigo ɗaki, makullin ƙofa mai lamba, na'urorin jin motsi da na auna zafi, da wata ƙaramar kwamfuta mai girman tafin hannu da ke zaune a lungu tana ba kowa umarni. Wannan kwamfutar ce ƙwaƙwalwar gidan, kuma ita na lalata da hannuna wata rana da yamma, alhali ko kusa da gidan ban je ba.

Sabuwar sigar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ta fito, na ga sanarwar a wayata ina kan hanya, na danna maɓallin sabuntawa daga nesa kamar yadda na saba. Sau da yawa minti biyar ya isa. Ranar aka yi minti goma shafin bai dawo ba, aka yi ashirin shiru. Can sai ga kiran mai gidan.

"Injiniya, lafiya kuwa? Fitilun falo sun ƙi amsawa."

"Lafiya lau, yallaɓai. Don Allah a zare filogin ƙaramin akwatin nan da ke bayan rauta, a ƙirga goma, a mayar."

Da cikakken ƙarfin gwiwa na faɗi haka, don ita ce shawarar da kowane mai gyara ke bayarwa tun kafin ya yi tunani. Abin da ban sani ba shi ne kwamfutar ba ta maƙale ba, aiki take yi. Sabuwar sigar ta zo da canji a tsarin rumbun bayanai, wato fayil ɗin SQLite da ke ɗauke da tarihin gidan: duk lokacin da aka buɗe ƙofa, duk awon zafi, duk wutar da aka sha, na kusan shekara 2. Kafin manhajar ta tashi sai ta bi wannan tarihi layi-layi ta mayar da shi sabon fasali, kuma a kan katin memori irin na SD wannan aiki ne mai nawa ƙwarai. Tana tsakiyar rubutu muka yanke mata wuta. Katin SD kuwa ba ya yafe irin wannan, domin yana rubutu ne a dunƙule-dunƙule, in wuta ta ɗauke a tsakiya har fayilolin da ba a taɓa ba suna iya shiga cikin ɓarnar. Da aka mayar da filogin, kwamfutar ba ta ƙara tashi ba.

Na isa gidan da dare, na tarar da abin da ya fi lalacewar katin ba ni kunya. Lokacin da na haɗa gidan na saka ƙwayayen fitila masu magana ta Zigbee, wato hanyar sadarwar na'urorin gida marar waya, na haɗe wayoyin makunnan bango kai tsaye don kada wani ya kashe wa ƙwan wuta, sannan na manna maɓallai masu batir a gurbinsu. Abin ya yi kyau a ido. Sai dai kowane maɓalli saƙonsa kwamfutar yake zuwa, ita kuma ta gaya wa ƙwan ya kunnu. Da ta mutu, duk fitilar da ke kunne ta zauna a kunne, wadda ke kashe ta zauna a kashe. Ɗakin yara haske tar ana son barci, banɗaki duhu. Sai da muka kwance ƙwayaye biyu da hannu. Makullin ƙofa ne kaɗai bai ba mu matsala ba, don lambobinsa a cikinsa suke, kuma yana da ramin mabuɗi na ƙarfe. Ba dabarata ba ce, haka masu ƙera shi suka yi shi.

Na ce wa mai gidan kada ya damu, akwai kwafin ajiya da ake ɗauka kowane mako. Gaskiya na faɗa, ana ɗauka. Inda ake ajiye shi ne ban ambata ba, don sai a lokacin ya faɗo mini a rai cewa a kan katin da ya lalace ɗin yake. Kwafi ɗaya tak da ke wajen gidan shi ne wanda na taɓa saukewa a kwamfutata wata 5 da suka wuce. Na san ƙa'idar nan ta 3-2-1 sarai, kwafi 3, a kan ma'aji iri 2, ɗaya a wani wuri dabam, har na sha koya wa wasu ita. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa ga ni tsaye a falon mutane da tsakar dare ina neman abin fafewa.

Abu na farko da na yi daidai a daren shi ne na daina taɓa komai. Hannuna na ƙaiƙayi in sake kunnawa, in sake gwadawa, amma kowace kunnawa sabon rubutu ce a kan katin da ya riga ya ji rauni. Na zare shi na tafi da shi. Washegari na sa shi a kwamfuta mai Linux, tunda Windows ba ta karanta ext4, tsarin ajiye fayilolin da ke kan katin, ita kaɗai, na ɗauki hoton katin, wato kwafinsa gaba ɗaya, da manhajar ddrescue, wadda ke tsallake gurbin da ya ƙi karantuwa ta dawo masa daga baya. Duk binciken da na yi bayan nan a kan hoton na yi shi, katin na ajiye shi gefe.

A nan na fara gane bambanci tsakanin abin da ya fi girma da abin da ya fi muhimmanci. Rumbun tarihin nan shi ne ya cinye kusan duk sararin katin, kuma ya lalace, SQLite ta ƙi buɗe shi. Na ɓata wajen awa 3 ina ƙoƙarin ceto shi kafin na tambayi kaina ko gidan na bukatarsa don ya kunna fitila. Ba ya bukata. Ainihin gidan yana cikin wasu 'yan ƙananan fayilolin rubutu ne, na YAML da makamantansu, waɗanda gaba ɗayansu ba su kai nauyin hoto ɗaya na waya ba. Yawancinsu sun tsira. Kwafin ajiyar mako-mako bai buɗu ba. Fayil ɗin da ke riƙe da sunayen na'urorin Zigbee kuma ya koma sifili zalla, don haka dole na ɗauko tsohon nan na wata 5.

Wajen tayar da gidan na bi a hankali, wannan karon da takarda da biro a gefe. Na ɗora tsohuwar sigar manhajar, daidai wadda ke kai kafin abin ya faru, a kan faifan ajiya na SSD maimakon kati. Dalilin komawa tsohuwar shi ne in rage abubuwan da suka canza, don in wani abu ya ƙi aiki in san ɓarnar katin ce ba sabon fasali ba. Kafin kunnawar farko na dakatar da duk umarnan aiki da kai, domin kwamfutar da ta farka ba ta san halin da gida ke ciki ba tana iya buɗe abin da ya kamata ya kasance a rufe. Sannan na bi su daga tushe: rauta, sai dillalin saƙonni na MQTT da na'urori da yawa ke magana ta cikinsa, sai Zigbee, umarnan a ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya.

Abubuwa biyu ƙanana suka ci mini rabin yini. Adireshin IP na kwamfutar, wato lambar da sauran na'urori ke nemanta da ita, a cikinta na kafa shi tun farko, ba a rauta ba, don haka da aka ɗora sabon tsari sai rauta ta ba ta wani dabam. Soket-soket masu Wi-Fi suka ci gaba da ƙwanƙwasa tsohon adireshi a tashar 1883 ta MQTT, babu mai amsawa. Na biyu, sandar Zigbee da ke jikin USB, wadda kwamfutar ke magana da na'urorin Zigbee ta cikinta, ta samu sabon suna saboda na sauya mata rami, manhajar tana nemanta da tsohon. Babu ɗaya cikin biyun da ke rubuce a ko'ina sai a kaina, kan nawa kuma ya manta.

Sandar ita ce ta cece ni daga aikin da na fi tsoro. Mabuɗin sirrin hanyar Zigbee yana ajiye a cikinta, saboda haka na'urorin ba su san an yi wani rikici ba, ban sake haɗa kowace daga farko ba. Sai dai guda 9 da na ƙara bayan tsohon kwafin sun bayyana ba suna, sai doguwar lambarsu mai haruffa 16. Haka na riƙa zagaya gidan, in kunna ɗaya daga waya, yaron mai gidan ya kwala mini kira daga inda haske ya fito, in rubuta. Masu batir sun fi wuya, don barci suke yi su adana wuta, sai an danna musu maɓalli ko an buɗe ƙofar da suke jiki kafin su yi magana.

Da na huce na zauna ina tunanin inda laifin yake. Sabuntawa takan lalata abubuwa har a hannun manyan kamfanoni. A watan Agustan 2017 kamfanin LockState na Amurka ya aika wa wasu makullansa manhajar da aka yi don wani samfuri dabam, kusan 500 suka daina amsa lamba, kuma ba a iya gyara su daga nesa ba, mabuɗin ƙarfe ne ya riƙa shigar da mutane. Ranar 19 ga Yulin 2024 sabuntawar kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows da Microsoft ta ƙiyasta sun kai miliyan 8.5. Amma ni ba ni da bakin fakewa da waɗannan, don tawa sabuntawar lafiyarta ƙalau. A bayanin da aka fitar tare da ita an rubuta cewa sauya rumbun zai iya ɗaukar lokaci, kada a kashe na'ura. Ban karanta ba.

Akwai kuma wani abu da na daɗe ina dogaro da shi ba tare da na fahimce shi ba. Tsarin da ke kan kwamfutar yana da gurbi biyu, A da B, irin dabarar da Android ta shigo da ita a 2016: a rubuta sabon a gurbi ɗaya, in ya ƙi tashi a koma ɗayan. Na ɗauka wannan ya rufa mini asiri. Ashe tsarin kwamfutar kaɗai yake karewa. Bayanan gida wuri ɗaya suke, kuma sauya fasalin rumbu hanya ce mai zuwa babu dawowa, ko da ta kammala lafiya tsohuwar siga ba za ta gane sabon rumbun ba.

Gyaran da na fi alfahari da shi bai shafi kwamfutar ba ma. Zigbee tana ba da damar ɗaure maɓalli da ƙwan fitila kai tsaye, su riƙa magana tsakaninsu ko sandar na nan ko ba ta nan. Na yi wa kowane ɗakin barci da banɗaki haka, inda na'urar ba ta yarda ba na mayar da makunnin bango. Sannan na kashe kwamfutar da gangan da rana tsaka, na roƙi mai gidan ya zagaya ya yi duk abin da ya saba yi. Wuri biyu ya tsaya, na gyara su. Kwafin ajiya yanzu yana fita daga gidan kowane dare, kuma duk wata 3 nakan ɗora shi a wata kwamfutar ta gwaji in ga ko zai tashi. A gwajin farko bai tashi ba, don na ɓoye shi da kalmar sirri, kalmar kuma na rubuta ta a cikin fayil ɗin da ke cikin kwafin.

Bayan mako 2 na sake yin sabuntawar, ina zaune a gaban akwatin da safe, kundin rahoton manhajar a buɗe ina kallon layukan suna wucewa. Tunda rumbun sabo ne, ko minti 4 ba ta ɗauka ba. Don in san abin da ya faru a wancan daren, na ɗauko rumbun tsohon kwafin na wata 5, na sa shi a katin SD irin wancan, na bar shi ya yi sauyin har ƙarshe ina duba agogo. Minti 47 ya yi. Mu a minti na 22 muka zare filogin.