Daga Bauchi Zuwa Ƙasar Tangale: Yadda Jagoran Waƙa Ke Shirya Lahadi

Da sassafe ranar Juma'a na kama hanyar Gombe daga Bauchi, a ƙarshen watan Nuwamba, hunturu ya fara sauka. Tafiyar kusan kilomita 150 ce. Ana haye kogin Gongola a gadar Dindima, inda hanyar Yankari ke rabuwa ta yi dama, sannan Alkaleri, sannan Bara, har a gangara cikin Gombe. A can na sake mota zuwa kudu, ta Kumo. Kafin a shiga Billiri za ka fara hango duwatsun ƙasar Tangale, gonakin dawa sun nuna, mata na ɗauke da kwandunan wake da gyaɗa a gefen titi. Ɗan gaba kaɗan kuma sai Kaltungo.

A nan Kaltungo ne 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) suka kafa tasha a 1917, kuma daga aikin wannan mishan ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Shi ya sa da wuya ka ratsa ƙauye a wannan yanki ba ka ga majami'a ba. A gida ana Tangale, amma Hausa ce ta haɗa Batangale da mutumin Tula da na Waja da na Cham a kan benci ɗaya, tun da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Abin da ya kawo ni shi ne in ga yadda jagoran waƙa na wata ikilisiyar ƙauye, tsakanin Billiri da Kaltungo, yake haɗa sujadar Lahadi tun daga tushe.

Kowa Malam yake ce masa, domin malamin firamare ne. 'Yan ƙungiyar mawaƙa kuma su ce kwayamasta. Ba a biyansa ko kwabo a kan wannan aiki. Da safe yana aji, da rana yana gona, la'asar ta Talata da Alhamis da Asabar kuma ta ikilisiya ce. A lokacin kaka wannan tsari yakan yi wuya, don rabin mawaƙansa suna gona har yamma. Kuma ba ya yarda koyon waƙa ya kai dare. Wannan ƙasar kububuwa ce, har akwai asibitin masu saran maciji a Kaltungo, kuma lokacin girbi abin ya fi yawa. Wanda zai taka hanyar gona zuwa gida, gara ya tafi da sauran haske, ko ya riƙe tocila ya sa takalmi rufaffe.

Ranar Asabar da safe ya je gidan fasto, na bi shi. Tambaya ɗaya ta kai shi: "Baba, daga ina za a yi karatu gobe?" Sai da ya ji nassin da kan maganar wa'azi, sannan ya zauna ya zaɓi waƙoƙi. Ya karanta wurin shi kaɗai, ya yi addu'a, ya rubuta lambobi uku daga Littafin Waƙoƙi: ta buɗewa, ta kafin wa'azi, da ta rufewa. Ta buɗewa dole ta zama wadda kowa ya haddace, domin a lokacin mutane ke shigowa, wasu ba su buɗe littafi ba tukuna. Ta kafin wa'azi ita ce ake zaɓa da natsuwa, ta share wa maganar fasto hanya. Sabuwar waƙa kuwa guda ɗaya tak a mako, kuma ƙungiyar mawaƙa ke fara rera ta, sai Lahadi mai zuwa a miƙa wa jama'a.

Koyon waƙa da la'asar ya fara da addu'a da gajeren karatu daga Zabura. Daga nan aka rabu kashi huɗu, daga siririyar murya zuwa mai kauri: sofrano, alto, tena da bes. Ba a karanta rubutun kiɗa na layi biyar a nan. Da do-re-mi ake aiki, Malam ya rubuta d, r, m, f, s, l, t a allo da alli, kowace murya da layinta. Sofrano ke fara koyo tunda su ke riƙe da karin waƙar. Sai bes, don su ne ƙasan ginin. Alto da tena a ƙarshe. Ba a sa kalmomi sai kowane kashi ya iya layinsa da do-re-mi ba tare da ya kalli allo ba. Matsalar da ta fi yawa ita ce alto su zame su koma bin sofrano da zarar an haɗu, domin kunne yana bin abin da ya saba ji. Maganinsa, Malam yakan haɗa alto da bes kawai su yi ta maimaitawa, sai sun zauna daram sannan a shigo da sauran. Wata matsalar kuma, idan aka rera babu kiɗa, murya takan riƙa sauka sannu a hankali, kafin baiti na huɗu an faɗo da rabin mataki. Gajiya ce da ƙarancin numfashi ke jawo haka. Sai ya sa su miƙe tsaye, ya nuna masu inda za a ja numfashi a kowane layi, a ƙarshen jimla, ba a tsakiyar kalma ba.

Inda na fi tsayawa shi ne maganar ki, wato tsayin da ake ɗora waƙa a kai. A nan ne jagorori da yawa ke rasa jama'arsu ba su sani ba. Da haruffa A zuwa G ake kiran matakan sauti, kuma muryar yawancin mutane tana sakewa ne daga C zuwa D na samanta. Ɗauki waƙar da ƙololuwarta ke kan "so". Idan aka ɗora ta a F, wannan "so" ɗin C ne, kowa zai kai. A G, D ne, ana kaiwa da ɗan ƙoƙari. Aka kai ta B-flat kuwa ya zama F na sama, sai dai 'yan sofrano da jagoran da ke da siririyar murya. Tsofaffi su yi shiru, maza su faɗo ƙasa suna gunaguni. Saurayin da ke riƙe da makirufo yana jin daɗin muryarsa, bai lura rabin majami'a sun zama 'yan kallo ba. Malam yana da littafin rubutu da ya jera lambar kowace waƙa da ki ɗinta a gefe, kuma na sujadar safe yakan sauke da mataki guda, domin murya ba ta gama buɗewa ba, ga busasshiyar iskar hunturu tana kama maƙogwaro.

Ya ce wa mai kibod, yaron da bai wuce shekarun sakandare ba: "Ɗana, ba ni kake rakawa ba. Ka saurari Mama da ke bencin baya. In ba ka ji ta ba, mun yi sama da yawa."

Yaron ya iya kiɗa a ki biyu ne kawai, sauran da maɓallin sauya ki yake yi. Babu laifi a haka, amma akwai tarko. In ya ɗaga da mataki biyu a waƙar farko ya manta bai mayar da shi sifili ba, ta gaba za ta fito sama da inda aka shirya, mai gita kuma ya rikice. Don haka an liƙa takarda a jikin kibod ɗin mai cewa a duba lambar kafin kowace waƙa.

A ɗaya gefen harabar, ƙarƙashin bishiyar dalbejiya, Zumuntar Mata na nasu shiri. Kayan kiɗansu tulu ne, da ganga, da caki, da ƙarfen da ake bugawa don riƙe lokaci. Tulun na yumɓu ne, ana ɗora shi a kan gammo ko tsohuwar taya don kada ya fashe, a riƙa bugun bakinsa da faffaɗan soso da aka naɗe da ƙyalle. Babba yana ba da amo mai zurfi, ƙarami mai kaifi. In ana son sautin ya ɗan tashi sai a zuba ruwa a ciki, domin iskar da ke cikin ta ragu. Tulun da ya tsage ko kaɗan ya mutu, amonsa ba ya dawowa. Ganga kuma da yanayi take tafiya: da damina fatar takan saki, sai an shanya ta a rana kafin sujada, da hunturu ta ɗaure har ta kai ga tsagewa in an bar ta a rana. Waƙoƙinsu na bayarwa da amshi ne, mace ɗaya ta ja baiti, sauran su amsa, kuma da yawa su suka tsara abinsu daga labaran Littafi Mai Tsarki. Karin yana bin hawa da saukar maganar Hausa, shi ya sa kalmomin ke shiga kunne tun jin farko, har wadda ba ta yi karatu ba ta koma gida da nassin a bakinta.

Malam ba ya taɓa masu tsari. Roƙo ɗaya yake yi wa matasa masu gangar bature: in mata na waƙa, a ajiye sanduna. Yawancin waƙoƙin matan bugunsu uku-uku ne, saurayin kuma hannunsa ya saba da huɗu-huɗu, in suka haɗu sai rawar ta watse.

Da yamma aka gwada na'urori. Abin da ikilisiyar ke da shi: miksa mai layi 8 (na'urar haɗa sautuka), amfilifaya ɗaya (mai ƙara wa sauti ƙarfi), sifika biyu, makirufo uku masu waya da ɗaya maras waya, da ƙaramin janareta. Ana tayar da janareta a bar shi ya daidaita na 'yan mintoci, sannan a kunna miksa da kibod, amfilifaya a ƙarshe. Wajen kashewa amfilifaya ke fara mutuwa. In aka juya wannan tsari, ƙarar "ɗum" da ke fita tana iya lalata sifika. Sifikun nan kowanne om 8 ne (om ma'aunin yadda sifika ke tare wuta ne, in lambar ta yi ƙasa amfilifaya ta fi shan wahala), biyu a layi ɗaya sun zama om 4, amfilifayar na ɗauka. Ranar biki sai wani ya aro na uku ya jona, lambar ta faɗo ƙasa da om 3, na'urar ta yi zafi ta ɗauke ana tsakiyar waƙa, a ce wai janareta ne.

Shewar da ke tsaga kunne kuwa, sautin sifika ne ke komawa cikin makirufo yana zagayawa. Ginin ma yana taimaka mata, rufin kwano ne babu silin, bango siminti. Sifika ya kasance gaba da masu waƙa yana fuskantar jama'a, mai waƙa ya kusanto da makirufo kamar faɗin yatsu biyu daga baki, kada ya dunƙule kansa da tafin hannu. In an ji wutar lantarki na ɗan jan leɓe daga makirufo, babu wayar ƙasa ke nan, kuma wannan ba abin wasa ba ne, a kira mai gyaran wuta. Ƙurar hunturu takan shiga maɓallan miksa su riƙa ƙarar ƙaras-ƙaras, saboda haka ana rufe ta da zane da zarar an tashi. Batirin makirufo maras waya sabo ake sawa ranar Lahadi, tsohon a bar shi don koyon waƙa.

Lahadi tun kafin a buga ƙararrawa Malam na majami'a. Ya tara mawaƙa a ɗakin baya, suka ɗumama murya da 'yan layukan do-re-mi, suka sha ruwa mai ɗumi, suka yi addu'a tare da fasto da dattawa. Aka buɗe da waƙar littafi. Malam ya ba da layin farko da ƙarfi don a kama ki da sauri, daga nan ya janye makirufo daga bakinsa ya bar jama'a da waƙarsu, hannunsa kawai ke nuna inda za a shiga. Waƙoƙin littafi suna da halin ja da baya a bakin taro, kowane baiti ya fi na gabansa nauyi. Bai yi faɗa da jama'a ta makirufo ba, sai ya sa mai ganga ya riƙe bugu a hankali a ƙarƙashi, shi kuma ya riƙa shiga kowane sabon baiti a kan lokaci.

Ƙungiyoyi suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya: mawaƙa, matasa, 'yan Sabon Rai (ƙungiyar masu yaɗa bishara), sai Zumuntar Mata cikin zanensu iri ɗaya. Kowace an ba ta waƙa guda, domin in aka sake, wa'azi sai ya faɗa cikin zafin rana lokacin da yara sun gaji. Lokacin baiko, wato miƙa kyauta ga ikilisiya, aka juya waƙa zuwa yaren Tangale, layi-layi ana fitowa da rawa. Da yake kaka ce, wasu da kwanon dawa suka fito, wasu da kaza. Ana cikin haka janareta ya tsaya. Kibod da gita suka yi tsit, amma tulu da caki suka ci gaba, waƙar ba ta yanke ba, don ki ɗin yana inda kowa zai iya riƙewa da bakinsa.

A ganina wannan shi ne abin da majami'un birni da yawa, a Bauchi da Gombe, suke bari yana kuɓuce masu. An sayi manyan sifiku, an ƙure ƙara, mutum ba ya jin muryar na kusa da shi, ba ya ma jin tasa, sai ya daina buɗe baki. Kayan ba su da laifi, hannun da ke kan miksa ne. In mai kula da sauti ya tsaya a tsakiyar majami'a bai ji jama'a sun rinjayi sifika ba, to ya rage.

Bayan an sa albarka, wata dattijuwa ta tare Malam a bakin ƙofa ta sanar da shi rasuwa a ƙauyen da ke gaba, jana'iza ranar Talata. Ya ce, "Sannu Mama, Allah ya ba da haƙuri, za mu zo." Nan take ya aika a gaya wa mawaƙa cewa koyon waƙar Talata ya koma Litinin, a zo da Littafin Waƙoƙi, ba za a ɗauki kibod ba. Waƙoƙin Kirsimeti da aka fara koyo sai Alhamis.

Na sami motar da ta fito daga Kaltungo da azahar. Mai son ya kwana Bauchi a ranar, ya bar Billiri kafin la'asar, don motocin Bauchi kan yi ƙaranci a Gombe da yammacin Lahadi.