Sau uku, amma na yini ɗaya

Alkawarin asusun da na zuba kuɗi a ciki a kasuwar hannun jarin Amurka a rubuce yake ƙarara: duk abin da ma'aunin Nasdaq-100, mai bin farashin hannun jarin manyan kamfanoni kusan ɗari na kasuwar Nasdaq, ya yi a yini guda, shi zai yi ninkinsa uku. In ma'aunin ya hau kashi 1 cikin 100, shi ya hau 3. In ya sauka, haka nan. Abin da ke jan ƙananan masu zuba jari irina shi ne ba sai ka ci bashi wurin dillali ba, kuma ba za ka yi asarar abin da ya wuce wanda ka saka ba. Babu mai kiranka ya ce ka ciko kuɗi ko a sayar da kayanka.

Sayen bai fi sayen hannun jarin kowane kamfani wuya ba. Manhajar ta buɗo shafin gargaɗi mai ƙananan haruffa, da ɗan akwati a ƙasa, na danna, ciniki ya faɗa. Ba a tambaye ni komai ba.

Tun farko na ware ɗan abin da ko ya salwanta ba zai taɓa cefanen gida ba, na kuma riƙa rubuta farashin rufe kasuwa a littafi, na ma'aunin a hagu, na asusun a dama. Wannan littafin ne ya koya mini abin da shafin gargaɗin ya faɗa a dunƙule. A makonnin da kasuwa ke hawa da sauka ba alkibla, sai in ga layin hagu ya dawo inda ya taso, na dama kuwa ya maƙale a ƙasa. Ɗauki dala 100. Yau ma'auni ya faɗi kashi 10, gobe ya tashi kashi 10: saura 99. Mai ninki uku ya faɗi zuwa 70, ya tashi kashi 30, ya tsaya a 91. Ma'auni ya rasa dala 1, kai ka rasa 9, ba 3 ba. Kuma ba wanda ya cuce ka. Asusun yana samun ninkin ne ta yarjejeniyoyin musaya da bankuna da cinikin alkawarin gaba (wato a yanke farashi yau, a cika ciniki nan gaba), kuma dole kowace yamma ya daidaita su domin gobe ya sake farawa da sau uku daidai. Ranar da kasuwa ta hau ya ƙara saye, ranar da ta sauka ya rage. Ga kuɗin gudanarwa na kusan kashi 1 cikin 100 a shekara, ga kuɗin ruwan da ke cikin yarjejeniyoyin, suna ci a hankali kamar gara.

Shekarar 2022 ta nuna wa kowa. Nasdaq-100 ya faɗi kusan kashi 33, asusun mai ninki uku ya faɗi kusan kashi 79. Na fita a iyakar da na gindaya wa kaina tun ranar saye, kuma duk da haka na ji a jikina. A 2023 ma'aunin ya tashi sama da kashi 50 ya mayar da abin da ya rasa. Asusun ya tashi kusan kashi 200, fiye ma da ninki uku, domin hawa a jere yana yi masa rana. Amma wanda dalarsa 100 ta koma 21, ko ta ninka uku, 63 ke hannunsa.

Hukumomi sun san da wannan tun da daɗewa. Kamfanin ProShares ya fito da irin waɗannan asusu a 2006, kamfanin Direxion ya kawo masu ninki uku a 2008. A 2009 FINRA, mai sa ido kan dillalai, ta yi gargaɗin cewa galibi ba su dace da ƙaramin mai zuba jari da ke son riƙe su fiye da yini guda ba. A 2019 hukumar SEC, mai kula da kasuwar hannun jarin Amurka, ta ba da shawarar a wajabta wa dillali ya binciki abokin cinikinsa kafin ya buɗe masa wannan ƙofa. Mutane da yawa suka rubuta suna ƙin amincewa, kuma da dokar ta fito a Oktoban 2020 an cire wannan sharaɗi. Sai aka taƙaita sababbin asusu a ninki biyu, aka ƙyale tsofaffin masu ninki uku. A Yulin 2022 ma sai ga masu ninka hannun jarin kamfani ɗaya tak. Kamfanin dillanci na Vanguard kuwa tun 2019 ya daina karɓar sayensu daga abokan cinikinsa.

Ina tare da masu cewa kada a rufe ƙofa. Ba na son tsarin da zai auna mutum da kaurin aljihunsa, a bar wa attajiri abin da aka hana mai albashi, alhali dukiya ba ta koya wa kowa lissafi. Amma wannan ɗan akwatin da na danna ba kariya ba ne ga kowa sai dillali. Koriya ta Kudu ta ɗauki wata hanya: kafin ka saya sai ka yi ɗan kwas ta intanet, ka kuma ajiye won miliyan 10, kuɗin ƙasar, a wurin dillalinka. Ajiyar ba ta burge ni ba, kwas ɗin ne nake goyon baya. Ni da za a tambaye ni, tambaya ɗaya ta isa a sa a manhaja kafin cinikin farko: ga dala 100, ga faɗuwar kashi 10 yau da tashin kashi 10 gobe, nawa ya rage maka? Wanda ya rubuta 91 a bar shi ya saya. Wanda ya rubuta 97 a nuna masa lissafin, ya sake gwadawa.