Sashen da na karanta da rabin ido

Shekara guda da 'yan watanni ke nan da muka sa hannu a yarjejeniyar haɗin gwiwa da wata jami'a, amma har yau in na tuna sashe na 11 sai in ji abu ya tokare min ƙirji. Layi huɗu ne kacal. Ni na karanta takardar, ni na ce wa shugabar cibiyarmu, “Hajiya, ba wata matsala,” ta ɗauki biro.

Cibiyarmu ƙarama ce, aikinmu bincike a kan haƙƙin ɗan Adam: mu ɗauki shaidar waɗanda aka zalunta, mu rubuta rahoto, mu miƙa wa masu faɗa a ji. Abin da ya kai mu ƙofar jami'a ba ɓoyayye ba ne. Masu ba da tallafi sun fi sakin hannu in sun ga tambarinta a kan takarda, ga ɗakin karatu da mujallun da kuɗinsu ya fi ƙarfinmu, ga ɗalibai masu digiri na biyu da ke neman aikin yi. Mun kuma ga abin da wasu suka yi. A 2016 Amnesty ta haɗa ɗaliban jami'o'i irin su Berkeley da Essex da Pretoria suna tantance mata bidiyo da hotunan cin zarafi. A 2020 cibiyar haƙƙin ɗan Adam ta Berkeley da ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da ƙa'idojin binciken shaidar da ake samu a intanet. Muka ce mu ma me zai hana.

Ƙarfina duka a kan kuɗi ya ƙare. Mako uku ina kai da kawowa da ofishin kuɗi a kan kason da jami'a za ta yanka daga kowane tallafi da sunan gudanarwa, sai wani makon a kan tambarin wa zai zo a sama. Na yi nasara, na dawo ina ta cika baki. Ashe can ƙasa sashe na 11 yana zaune abinsa, yana cewa duk bayanan da aka tattara ko aka yi amfani da su a ƙarƙashin haɗin gwiwar za a ajiye su a rumbun jami'a, dokokinta ne kuma za su hau kansu. “Ko aka yi amfani da su.” Waɗannan kalmomin ne suka jawo tsofaffin hirarrakinmu, na shekarun da ba mu ma san jami'ar ba, suka shigo da su ciki.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na san labarin Kwalejin Boston, har ina ba sababbin ma'aikata shi a matsayin gargaɗi. Daga 2001 masu bincike suka yi ta hira da tsofaffin mayaƙan rikicin Ireland ta Arewa, aka yi musu alkawarin ba za a buɗe kaset ba sai bayan ransu, aka ajiye kaset ɗin a kwalejin, can Amurka. A 2011 hukumomin Birtaniya suka nemi kaset ɗin ta hannun gwamnatin Amurka, kotu ta sa aka miƙa wasu. A 2014 aka kama Gerry Adams, shugaban jam'iyyar Sinn Féin ta Ireland a lokacin, a binciken da ya jingina da kaset ɗin, aka tsare shi kwana huɗu kafin a sake shi ba tare da tuhuma ba. Mai riƙe da kaset daban, wanda ya yi alkawari daban. Na sha faɗin haka da bakina, sai ga shi na shirya mana irinta da hannuna.

Ba ni na gano ba ma. Kwamitin ɗa'ar bincike na jami'ar ne ya tsayar da mu, da muka nemi a bar ɗalibai su fara sauraron hirarrakin. Suka tambayi takardar amincewar shaidu. Mu da baki muke ɗaukar amincewa, a farkon naɗi, domin da yawa daga cikin mutanen nan takarda ce ta jefa su a halin da suke ciki, ba sa son ganinta. Kwamitin ya ce amincewa da baki ba laifi, amma ina inda aka gaya musu cewa wasu za su ji? Babu. A nan kam sun fi mu gaskiya, ko da yake a ranar ban yarda ba. Na tsaya ina ce wa wani farfesa na jami'ar, “Ranka ya daɗe, lokaci fa muke bi,” shi kuwa ya ce kwamiti sau ɗaya yake zama a wata, kuma ga dogon hutu ya gabato.

Lokacin da nake nufi shi ne na bitar da Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya take yi wa kowace ƙasa a Geneva, inda ƙungiyoyi ke miƙa rahoto. Ƙungiya ɗaya kalma 2,815 ake ba ta, ranar rufe karɓa kuwa ba ta jiran kowa. Ta wuce mu. In ka rasa, sai bayan wajen shekara huɗu da rabi. Da ƙyar muka cusa sakin layi biyu a rahoton haɗin gwiwa na wasu ƙungiyoyi, ba muryar ko mutum ɗaya a ciki.

Sai komawa wurin shaidu ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata dattijuwa da ta ba mu labarin ɗanta da aka tafi da shi bai dawo ba. Na zauna ina mata bayanin jami'a da rumbun ajiya da makullin sirri, tana ta murza bakin mayafinta. Da na gama ta ce, “Ɗana, cewa ka yi ku kaɗai za ku ji. Su wane ne kuma waɗannan?” Na ce, “Mama, malamai ne da ɗalibai.” Ta ce ba ta san su ba. Na buɗe kwamfuta a gabanta na goge naɗin, kusan awa biyu na magana, wadda ta fi kowace ƙarfi a cikin abin da muke da shi. Ba ita kaɗai ta janye ba, amma ita ce nake gani in na rufe ido.

Duk wanda zai shiga irin wannan, ya fara da tambayar wa ke riƙe da muryar mutane, kafin kaso, kafin tambari. A gyaran da muka yi, duk abin da muka tattara kafin yarjejeniya an jera shi a wata takarda daban, yana nan a hannunmu. Ɗalibai kwafin da aka cire sunaye suke gani, jerin sunayen kuwa ba ya fita daga ofishinmu. In kotu ko wata hukuma ta nemi wani abu, dole jami'a ta sanar da mu nan take, tun kafin ta amsa. Mun kuma rubuta ƙarara cewa rahotonmu ba ya jiran izinin kowa kafin ya fita, domin jami'a tana da waɗanda ba ta son ɓata wa rai, mu kuwa sau da yawa su ne aikinmu. A nemi jadawalin zaman kwamitin ɗa'a tun ranar farko, a jera shi kusa da ranakun Geneva.

Ba zan ce haɗin bai yi riba ba. Wata ɗaliba ta gano mun haɗa ranakun kame biyu a wani tsohon rahoto, kuskuren da lauyan gwamnati zai yi murna da shi. Tallafi ya ƙaru, mun ɗauki ƙarin ma'aikata. Amma gyaran sashe na 11, da muka kai wa lauya, yini ɗaya bai cika ba ta gama shi. Da tun farko na kai mata, da naɗin dattijuwar nan yana nan.

Farfesan kuwa har yanzu in zai gabatar da ni a taro, cewa yake yi ga mutumin da ya kayar da ofishin kuɗi. Mutane su yi dariya, ni ma in yi yaƙe.