Memorin da na saya riyal 30 ya cinye mini hirar Inna

Aikina gadi ne a wani sito da ke kudancin Jidda, daga bayan isha'i har ketowar alfijir. Wurin babu waifai, data kuma ba ta arha ga mai albashi irin nawa, don haka duk Juma'a in na tafi Makka gidan Yaya a Shara Mansur, kafin in cire takalmi na riga na haɗa tabilet ɗina da intanet ɗin gidan na fara saukar da finafinai. Yaya har ta saba, takan ce ba ita na zo gani ba, waifai na zo gaisarwa. Ku yaran da ke tasowa yanzu, masu yawo da aifad a hammata (a nan kowace tabilet aifad ake ce mata, ko da wane kamfani ya ƙera ta), na ga kuna bin sawun da na bi, shi ya sa zan ba ku labarin yadda tawa ta kaya.

Tabilet ɗin mai giga 32 ce. Abin da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba shi ne giga 32 ɗin nan ba duka naka ba ne. Tsarin da ke tafiyar da na'urar da manhajojin da ta zo da su sun riga sun zauna a ciki. Ranar da na duba tawa, abin da ya rage mini bai kai giga 24 ba, kuma ban saka komai ba tukuna. A cikin wannan ɗan fili nake son in cusa finafinan Kano, da na Indiya masu fassara, da wani dogon shiri na Turkiyya da duk abokan aikina suke kallo. Shiri mai kashi 40, in kowane kashi ya ci mega 400, giga 16 ke nan sun tafi a abu ɗaya. Ban taɓa zama na yi wannan lissafin ba. Ni dai in na ga maɓallin saukewa, yatsana ba ya haƙuri.

Kuskuren da na fi daɗewa a cikinsa shi ne na zaɓen girman hoto. In aka jero mini 360 da 480 da 720 da 1080, kai tsaye na ƙarshen nake dannawa, wai ni mai son abu mai kyau. Ɗan Yaya ne, yaron da aka haifa a gabana, ya karɓi tabilet ɗin wata rana ya juya ta, ya ce, “Kawu, fuskar wannan ai 1280 sau 800 ce. Wannan 1080 da kake saukewa ba ta ma iya nuna shi duka.” Ya sauke kashi guda a 1080, ya sake sauke shi a 720, ya ce in faɗa masa wanne ne wanne. Na ƙura ido, na matso, na ja baya, na kasa. Amma wajen nauyi na farkon ya kusa ninka na biyun. Shekara biyu ina ɗaukar kayan da ba na amfana da su. Yanzu fim mai yawan motsi da faɗa nake ba shi 720, wasan da mutane suke zaune a falo suna cacar baki kuwa 480 ya wadatar, murya ce ake bi. In kuma kuka ga fayil an rubuta masa HEVC ko H.265, yakan fi na H.264 ƙanƙanta sosai alhali hoton kusan ɗaya ne, sai dai tsohuwar na'ura takan yi tuntuɓe wajen kunna shi. Ku gwada kashi ɗaya kafin ku kwaso duka.

Sai kuma ɓarayin fili da ba a gani. Fim ɗin da ka sauke a Telegram yana zaune a ma'ajin manhajar, in ka ce a ajiye maka shi a galari, sau da yawa ya zama biyu. Ka tura wa aboki ta WhatsApp, wani kwafin ya sake kwanciya a foldar abubuwan da aka aika. Abokin aiki ya turo maka ta Xender, shi ma yana da tasa foldar. Na taɓa samun fim ɗaya a wuri uku. Ga rukunonin 'yan uwa da na 'yan gari, kowa ya ga bidiyon wa'azi ko na biki sai ya watso, WhatsApp kuma yana ta sauke su da kansa saboda ban hana shi ba. Ku shiga saitinsa ku kashe saukar da bidiyo ta atomatik, a can ɗin ma akwai wurin da yake jero muku fayilolin da suka wuce mega 5. A Telegram ku sa wa'adin da zai riƙa share abin da ya ajiye, mako guda ya isa.

Wata rana garin neman fili na shiga saitin manhajar da nake kallo da ita, na tarar da maɓalli biyu kusa da juna, ɗaya na share kash, ɗaya na share data. Na danna na biyun. Kash tarkace ne na wucin gadi, share shi ba ya cutar da komai. Data kuwa ita ce komai da komai, har da finafinan da aka sauke da shigar asusu. Daren nan bangon sito na kalla har asuba. Ku kuma sani cewa abin da kuka sauke a cikin YouTube ko Netflix aro ne. YouTube yana son na'urar ta leƙa intanet aƙalla sau ɗaya cikin kusan wata guda, wasu finafinan Netflix kuma awa 48 suke ba ka daga lokacin da ka fara kallo. Tara irin waɗannan da yawa tara ƙanƙara ne a aljihu.

Duk waɗannan ƙananan asara ne, fim ne, ana sake samunsa. Babbar ta zo ne da azumin da Inna ta zo Umara daga Kano.

Bayan ta gama ibadarta a Makka muka hau jirgin ƙasa na Haramaini zuwa Madina, tafiyar kilomita 450 da ba ta kai awa uku ba. Inna tana ta kallon duwatsu suna wucewa ta taga, sai ta ce kakanta shekaru ya yi a hanyar zuwa Makka daga gida, wadda mutane suke yi yanzu a wuni ɗaya. Ban taɓa jin labarin daga bakinta ba. Da daddare a masauki, bayan tarawihi, na jingina tabilet da flas ɗin shayi na ce, “Inna, ki ba ni labarin nan tun daga farko.” Ta gyara zaman mayafinta ta fara. Yadda ya fita da ƙafa ta Borno, ya ratsa Chadi, ya zauna a Sudan yana aikin gonar auduga a Jazira har ya tara kuɗin jirgin ruwa, ya tsallako daga Sawakin zuwa Jidda. Ta ambaci sunayen waɗanda suka tafi tare, da wanda ya rasu a hanya, da waɗanda suka yi zamansu a garin Mai Wurno na Sudan ba su koma gida ba. Tana cikin lissafo 'ya'yan ƙanensa da yatsu, a minti na 12, sai hoton ya tsaya cak, rubutu ya fito cewa wuri ya cika.

Bidiyon da kyamara take ɗauka a 1080 yana cin sama da mega 100 a kowane minti, ni kuma na taho da kashi 20 na shirin Turkiyya saboda hanya. Na ce, “Inna, ɗan dakata.” Na shiga galari hannuna na rawa na goge kashi biyar. Na koma kyamara, har yanzu wai babu wuri. Ashe abin da aka goge kwandon shara yake tafiya, ya zauna can kwana 30 yana riƙe da filinsa, sai ka bi shi ka zubar. Kafin in gano haka an kusa minti goma, Inna ta fara gyangyaɗi. Allah ya taimake ni ta farfaɗo ta ƙarasa, na samu kusan minti 40 gaba ɗaya, a guntaye biyu.

Da na dawo Jidda na ce ba za a sake yi mini haka ba, memori zan saya. A bakin wani titi na ga mai shimfiɗa ya baje kayan waya, caja da kebul da memori a cikin kwali mai sheƙi, an rubuta giga 256. Ya ce riyal 40, muka daidaita a 30. Zuciyata ta gaya mini kuɗin ya yi kaɗan, na ce mata ta yi shiru. Na saka shi, tabilet ta nuna 256 cif. Daren nan na kwashe finafinai na zuba, na ƙara wasu a Juma'ar da ta biyo, sannan na ɗauki bidiyon Inna da hotunan Umararta na mayar can su ma. Kuma ba kwafa na yi ba, matsarwa na yi, wato na asalin ya goge daga cikin na'urar nan take.

Bayan sallah Yaya ta ce in kawo su kalla. Muka zauna, yara sun kewaye ni, na danna. Sunan fayil yana nan, girmansa yana nan, amma baƙin allo kawai da rubutun cewa ba za a iya kunna shi ba. Na gwada manhajar kunna bidiyo ta VLC, na gwada wayar Yaya, shiru. Washegari na tafi Shara Falasɗin inda shagunan waya suke jere, na samu wani matashi Bahaushe haifaffen nan da ke gyara. Ya saka memorin a kwamfuta, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, “Baba, wannan giga 8 ne aka yi masa rigar 256.” Ya yi mini bayani. Ana sauya ɗan abin da ke cikin katin ne ya riƙa faɗin ƙarya game da girmansa. Giga 8 na farko suna shiga lafiya, shi ya sa mutum ba ya zargin komai. Abin da ya biyo baya kuwa, ko dai ya hau kan na farko ya murƙushe shi, ko ya faɗa inda babu komai, amma jerin sunaye yana nan yana nuna maka kamar kayanka suna ciki. Na ce ba dabara? Ya ce abin da aka goge ana iya nemo shi wani lokaci, amma abin da tun farko bai sauka ko'ina ba, me za a nemo? Ya duba cikin tabilet ɗin ma ko ragowar na asalin tana nan, sai dai na riga na cika wurin da sababbin finafinai sun hau kai. Araha ba ta ado, na sha jin wannan tun ina yaro, amma ban taɓa tsammanin muryar mahaifiyata ce za ta biya kuɗin ba.

Shi ya koya mini yadda ake gwada memori, kuma ku riƙe wannan. A kwamfuta akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna H2testw, tana cika katin taf sannan ta karanta abin da ta rubuta, in na ƙarya ne za ta tona shi. In babu kwamfuta, ku cika shi da finafinan da ba ku damu da su ba har ya ce ya ƙoshi, sannan ku buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe, ku ja kowanne zuwa ƙarshensa. Ku saya a shago mai ƙofa da rasit, inda za ku iya komawa. Kati mai giga 32 zuwa ƙasa yawanci da tsarin FAT32 yake zuwa, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4, daga 64 zuwa sama kuma exFAT ne, ba shi da wannan matsalar. In na'urar ta tambaye ku ko a haɗe katin da ma'ajin ciki ko a bar shi na cirewa, ku zaɓi na cirewa, domin in an haɗe shi kulle shi ake yi, ba zai buɗu a wata na'ura ba, ranar da tabilet ta mutu ya bi ta. Masu iPad ta gaskiya kuwa ba su da ramin memori sam, sai dai filash da ake soka mata a wurin caji.

Yanzu memori mai giga 64 nake da shi, na gaske, kuma finafinai kaɗai ke hawansa. Duk abin da na ɗauka da hannuna, hoto ko murya ko bidiyo, yana cikin na'urar, kwafinsa yana kan filash a akwatin Yaya, mafi muhimmanci kuma ina ɗora su a Google Drive in na samu waifai. Giga 15 suke bayarwa kyauta, kuma da Gmail da Google Photos ake raba su, don haka kada ku tura fim can, in ya cika har saƙon imel sai ya daina shigowa. Ba na matsar da komai kuma. Sai na kwafa, na buɗe kwafin na ga yana aiki, sannan in goge na farko. Ina barin giga uku ko huɗu a sake kullum saboda kyamara. Juma'a kuma kashi bakwai nake saukewa, na dare bakwai, wanda na kalla in goge shi kafin in miƙa makulli da safe. Da na zauna na duba tsofaffin finafinan da nake ta tattalinsu, fiye da rabi ban taɓa buɗe su ba, wasu ma ban tuna wanda ya turo mini ba.

Na yi wata biyu ban iya gaya wa Inna ba. Ranar da na daure na faɗa mata a waya, ta yi shiru kaɗan, sannan ta yi dariya ta ce, “To ai sai ka sake kawo ni.” Gwiwoyinta ba za su ƙara ɗaukar sa'ayi ba, ni da ita duk mun sani. Abin da muka koma yi shi ne duk Asabar ƙanwata ta zauna kusa da ita ta danna mata saƙon murya, ta ba da labarin kaɗan-kaɗan, minti uku, minti biyar. Mun kai inda kakan ya isa Jazira. Sunayen 'ya'yan ƙanensa da ta lissafo a Madina guda bakwai ne, yanzu biyar take tunawa, ta ce in ba ta lokaci sauran biyun za su faɗo mata.